Ku Bar Ƙofar Uwar Marayu

'Ya'yana masu karɓar kuɗin tsaro: Ba na raina wahalarku. Ku ne kuke kwana a bakin gari da tocila cikin sanyin hunturu, mu tsofaffi muna ɗaki. Tun daren nan na watan Fabrairun 2025 da 'yan bindiga suka shigo Tsiga suka tafi da Janar Maharazu Tsiga da wasu mutanenmu, ba a sake shi ba sai cikin Afrilu, babu mai hankalin da zai ce kada a tara kuɗin tsaro. Idan mutumin da ya shugabanci hukumar masu yi wa ƙasa hidima bai tsira a gidansa ba, ina ga talaka? Sai dai yadda kuke tarawar ne bai kwanta mini ba, kuma gara ku ji daga bakina.

Kun yanka wa kowane gida kuɗi daidai wa daida. Na ga lokacin da kuka yi sallama a gidan wata uwar marayu a unguwarmu. Ta leƙo, ta kwance ƙullin bakin zaninta, ta shiga warware tsofaffin takardun kuɗin da ta samu a cinikin ƙuli-ƙuli, tana miƙar da su a cinyarta ɗaya bayan ɗaya, ba su kai ba, ta ce ku dawo da yamma. Kuka ce to. Daga nan kuka wuce wurin mai sabon sito a bakin hanya, wanda tirela take tsayawa a ƙofarsa ana loda masara da waken suya, ya ba ku abin da ita ta kasa cikawa, ko juyowa bai yi ba. A littafinku su biyun sun zama ɗaya. Haba, 'ya'yana.

Ku tambayi kanku abin da ya ƙara muku tsawon sintiri. Da can zagayen gari ɗan kaɗan ne. Yanzu an yanka gonakin gefe an mai da su fegi, an jera shaguna, an gina wuraren ajiyar hatsi. Wannan arziki ne, muna kuma roƙon Allah ya ƙara. Amma kowane sabon gini yana ja wa masu gadi ƙarin tafiya da ƙarin mai a babur, kuma inda aka tara dukiya nan idon ɓarawo yake. Wanda ya ƙara wa gari kaya, shi ya kamata ya fara sa hannu a aljihu.

Ba ni na ƙago wannan ba. A garuruwa da yawa na Amurka, duk mai son gina rukunin gidaje ko kantuna, sai ya biya wani kuɗi sau ɗaya lokacin da zai karɓi izinin gini, don ɗaukar nauyin abin da gininsa zai jawo: hanya, ruwa, 'yan kwana-kwana, ofishin 'yan sanda. Abin da ya burge ni shi ne ƙa'idodin da suka ɗaure kuɗin da su. Ana ajiye shi a asusu na daban. Ba a biyan albashi da shi, sai gini da motoci da kayan aikin da za su daɗe. Dole abin da aka karɓa ya yi daidai da nauyin da ginin ya ƙara, in ba haka ba mai gini ya garzaya kotu. A wasu jihohin ma idan shekaru suka wuce ba a yi aikin ba, sai a mayar wa mutum kuɗinsa. A Legas kuwa tun 2007 suka kafa asusun tsaro wanda bankuna da kamfanoni ke zuba wa kuɗi, kuma duk shekara a tara jama'a a faɗi abin da ya shigo da abin da aka saya.

Mu ma muna da namu tarihin, kuma shi ne ya fi damuna. Zamanin En'e, da haraji da jangali ake cika baitulmali, daga nan ake biyan 'yan doka da dogarai. Tsarin ya tsare gari, wannan gaskiya ne. Amma ku tambayi iyayenku yadda magidanci yake sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ko ya sulale ci-rani da daddare don kada a tsayar da shi a rana a ƙofar dagaci. Shi ya sa da Balarabe Musa ya hau mulkin Jihar Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, lokacin muna cikinta, don ba a ba mu Jihar Katsina ba sai 1987, talakawa suka yi murnar da ba a manta ba. Abin da aka ƙi a harajin nan shi ne yana hawa kan mutum ba tare da an dubi abin da ke rumbunsa ba. To ga shi kun dawo da shi da hannunku, da kyakkyawar niyya, ba ku lura ba.

Ga shawarata. Kada ku yanke komai ku kaɗai. Ku je wurin iyayen ƙasa, daga nan a kai maganar ƙaramar hukumar Bakori, a rubuta ta a takarda, a sa hannu. Kuɗin da ba hukuma a bayansa, ko da sunan alheri aka karɓe shi, wata rana ƙwace za a kira shi. A bambanta mai ƙara ɗaki a gidansa don ɗansa zai yi aure da mai gina sito ko gidan mai ko jerin shagunan haya. Na farko a ƙyale shi. Na biyu ya biya sau ɗaya gwargwadon girman abin da ya gina, a ba shi rasit. Kuma ku sassauta. Idan kuka tsuga masa, Funtua ba nisa, can zai kai jarinsa, yaranmu masu dako su rasa aikin yini.

Kuɗin ya kwana a banki, ba a aljihun ma'aji ba, kuma kada ya fita sai da hannun mutum uku. A sayi abin da kowa zai gani da idonsa: fitilun sola a mashigar gari, oba-oba, babura, ɗakin da jami'ai za su zauna. Albashin 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023, su sama da 1,400 a rukunin farko, nauyinsu na kan jiha. Namu tallafi ne, kada mu sauke wa gwamnati abin da yake wajibinta, kada kuma mu daina bin ta a kansa. Ɗan abin sayen mai da shayin masu kwana waje, a nema a kaka, kan buhunan da ake fitarwa daga gari, mai buhu ɗari ya ba da na ɗari. Bayan sallar Juma'a, ko sau ɗaya a wata uku, ɗayanku ya miƙe ya karanta lissafi, a kuma manna shi a bango.

Saura abu ɗaya, shi kuwa ina roƙonku ne. Ranar karɓar kuɗi ku bar bindiga da gora a gida. Kun san abin da manoman Faskari da Sabuwa suka gani, inda 'yan bindiga ke yanka wa ƙauye kuɗi kafin a bar shi ya yi shuka ko girbi. Mutumin da ya taɓa biyan irin wannan, idan ya ga saurayi da makami a kafaɗa yana miƙo masa littafi, zuciyarsa ba za ta tsaya tambayar ko ɗan wane ne ba. Haka nan igiyar da wasunku suka fara gittawa a hanya suna tsayar da masu kaya, a kwance ta yau.

Za a samu wanda zai ƙi biya, ko da yana da shi. Kada ku taɓa katangarsa, kada ku zage shi a kasuwa. Ku kai sunansa wurin mai unguwa, mu dattawa za mu same shi har gida. Kafin nan ku ci gaba da bi ta ƙofar sitonsa da dare kamar yadda kuke bi ta ƙofar kowa.