Takardar Shaida, Shaidar Me?

A shekara ta 2021 majalisar jihar Oregon, cikin ƙasar Amurka, ta yi wata doka. Dā yaro ba ya samun takardar gama sakandare sai ya nuna ya iya karatu da rubutu da lissafi, ko ta wurin jarrabawa, ko ta wurin aikin da malamansa suka auna. Dokar ta jingine wannan sharaɗi. A 2023 hukumar ilimi ta jihar ta ƙara wa'adin jinginewar har shekarar karatu ta 2027 zuwa 2028. Ba a rage darussa ba, gwajin ne aka ɗauke.

'Yan'uwa, bari mu yi tunani. Wannan jinƙai ne, ko kuwa ruɗi?

Masu goyon bayan dokar suna da hujja. Sun ce nauyin gwajin ya fi danne 'ya'yan matalauta da na ƙananan kabilu. Kada mu rena maganan nan. Yaron da bai sami koyarwa mai kyau ba, in aka hana shi takarda, an hukunta shi sabo da laifin manya.

Amma fa takarda shaida ce, mai ɗaukar ma'aikaci kuwa yana gaskata ta. In mai awo ya ga hatsi ba ya cika mudu, ya je ya rage bakin mudun, hatsin ya ƙaru ke nan? Ko kaɗan. Yaron ne za ya sha kunya ran da aka miƙa masa wasiƙa a wurin aiki, ya kasa karantawa.

Ga abin da mu ke gani. In mudu karkatacce ne, daidai ne hukuma ta sāke shi. Sai dai ta kawo na gaskiya a maimakonsa, ta kuma ƙara malamai ga yaran da aka bari a baya. In ba haka ba, ta sa hannu a kan shaidar zur.

Mu ma ba mu kuɓuta ba. Sa'anda sakamakon WAEC ya fito, mukan tambayi ɗanmu, “Ka ci?” Da wuya mu ce, “Ka iya?” Waɗansunmu har sukan biya kuɗi domin a yi masa satar amsa. Daren yau mu kira yaron, mu ba shi wasiƙa ya karanta mana da ƙarfi. In ya yi tuntuɓe, kada mu tsauta masa. Mu zauna tare da shi, gobe kuma mu je mu ga malaminsa.