Gonar Gado Da Hanyar Birni: Shin Mai Bi Zai Sayar Ya Tafi?

Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambilla a Jihar Taraba ya san tafiya can ba wasa ba ce. Daga Jalingo mota takan bi ta Bali da Serti, ta isa Mayo Selbe a gindin dutse, sa'an nan ta kama hawa, kwana bayan kwana, har Nguroje da Gembu. Bayan Gembu akwai ƙauyukan da ba a kai musu sai a kan babur, waɗansu sai an haye kogin Donga da kwalekwale, waɗansu kuwa da damina sai da ƙafa. Ƙasar mai albarka ce. Masara da wake da ayaba suna yi ƙwarai, ga ganyen shayi a Kakara, ga ciyawa ga shanu. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dako yakan cinye ribar buhu kafin ya kai kasuwa.

A irin wannan ƙauye ne saurayi yakan zo gidan fasto da dare ya ce, "Baba, ina so in sayar da rabona na gonar mahaifinmu, in sayi babur in tafi birni. Zunubi ne?" Tambayar ta cancanci amsa, gama a bayanta akwai rayuwar mutum da ta zuriyarsa.

Bari mu fara da tushe: ƙasa ta wane ne? A Littafin Firistoci sura 25, Ubangiji ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, domin tasa ce, su kuwa baƙi ne a wurinsa. Wanda talauci ya matsa masa yana iya sayarwa, amma akan yanke kuɗin bisa yawan girbin da ya rage kafin shekara ta hamsin, lokacin da gona za ta koma ga iyalinta. Wato amfanin gona ake saye, gonar kanta tana jiran masu ita. Saboda wannan ne Nabot ya ƙi ba sarki Ahab gonar inabinsa, ko da yake sarkin ya yi masa tayin kuɗi ko gonar da ta fi tasa (1 Sarakuna 21). Ko dokar ƙasarmu ta 1978 a kan filaye ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Mai gonar gado ma mai riƙon amana ne. Kakanni suka share ta, jikoki kuma suna da haƙƙi a cikinta, ko da yake ba su da bakin magana a ranar ciniki.

Duk da haka, kada mu dattawa mu mai da wannan gaskiya sandar dukan matasa. Tafiya ba zunubi ba ce. Allah da kansa ya kira Ibrahim ya bar ƙasarsa da gidan ubansa. Yunwa ta kai Yakubu da 'ya'yansa Masar. Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin wa manzanni, ba a kuwa zarge shi ba (Ayyukan Manzanni 4). Gonar da ta ciyar da uba ɗaya, idan aka raba wa 'ya'ya shida, ba lalle ta ciyar da gidaje shida ba. Wanda kuma matarsa take naƙuda mai wuya, asibiti na nesa, ba shi da abin biya sai gona, wa zai hukunta shi? Rai ya fi gona.

Saboda haka ma'aunin shi ne: da me za ka musanya ta? Isuwa ma ciniki ya yi, ya kuwa ƙoshi a ranar, amma ya ba da abu mai daɗewa domin abin da ya ƙare kafin gari ya waye. Babur yakan tsufa cikin 'yan shekaru, in ɓarawo ko haɗari bai riga tsufa ba. Aikin acaɓa kuma yana rataye ne a bakin hukuma. An hana shi a tsakiyar Abuja a 2006, a birnin Kano a 2013, da ƙananan hukumomi shida na Legas a 2022. Waɗanda suka damƙa wa dillalai kuɗin gona domin su ƙetare hamada, duniya ta ji labarinsu a 2017, sa'ad da aka tona yadda ake sayar da baƙi kamar bayi a Libiya. Gona kuwa ba ta tsufa, ba a kuma hana ta aiki da sanarwar rediyo.

Ku tuna da Na'omi. Ta bar Baitalami saboda yunwa, ta yi wajen shekara goma a Mowab, ta dawo ba miji, ba 'ya'ya. Amma gonar Elimelek tana nan, ta wurin fansarta kuma Bo'aza ya tayar da gidan da ya mutu (Rut 4). Gona ita ce take sa matafiyi ya iya dawowa. Wanda ya tafi ya bar gona, in birni ya ƙi shi yana da wurin sa fartanya. Wanda ya sayar ya tafi, in ya dawo sai ƙodago a ƙasar ubansa. A kan Mambilla abin ya fi tsanani, gama jama'a suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Rikicin da ya ci rayuka tsakanin manoma da makiyaya a 2002 da 2017, batun fili yana cikin tushensa. Abin da aka sayar yau, da wuya ɗan mai sayarwa ya iya sake saye.

Akwai wanda mukan manta da shi cikin wannan zance, wato mai saye. Sau da yawa ba baƙo ba ne. Ɗan'uwa ne cikin ikilisiya, ma'aikaci ko ɗan kasuwa a gari, wanda yakan jira lokacin biyan kuɗin makaranta ko rashin lafiya ya taya gona da rabin darajarta, ya dasa itatuwan turare ya koma birni. Annabi Ishaya ya yi kashedi ga masu haɗa gona da gona har maƙwabci ya rasa wurin zama (Ishaya 5). Mai bi da yake da hali, an kira shi ya zama mai fansa kamar Bo'aza. In ya ci ribar hawayen ɗan'uwansa, sawun Ahab ya bi, ko da ya fitar da zakar amfanin gonar.

To, me za mu ce wa saurayin nan? Mu ce masa: ɗana, in za ka tafi, ka tafi da albarka, amma kada ka rushe gadar da ka haye. Ka ba da gonar aro ko haya ga dangi. In dole sai kuɗi, ka ba da ita jingina, ka iya fansa. A rubuta sharuɗa a gaban mai unguwa da dattawa, kamar yadda Irmiya ya sa shaidu, ya kuma adana takardun gonar Anatot cikin tukunyar yumɓu (Irmiya 32). Ka shawarci mahaifiyarka da 'yan'uwanka mata, gama daga gonar nan su ma suke ci. Ka kuma tafi da sana'a a hannu.

Ikilisiya ma tana da nata aiki. Wa'azi kaɗai ba zai riƙe matashi a ƙauyen da ba hanya ba. Adashin zumuntar mata, asusun rance ga marasa lafiya da 'yan makaranta, aikin gayya a kan hanya kafin damina, haɗa kai a ɗauki mota ɗaya zuwa kasuwa, da tuna wa waɗanda muka zaɓa alkawaransu, duka hidima ce ga Ubangiji. Ikilisiyar da take iya tara kuɗin rufin majami'a, tana iya tara abin da zai hana gwauruwa sayar da gonar marayunta.

Dukanmu baƙi ne a duniya, wanda ya zauna da wanda ya tafi. Wata rana Mai ƙasa zai tambayi kowa yadda ya riƙe abin da aka damƙa masa. Ubangiji ya same mu da aminci. Amin.