Katinka na Hannunka, Kuɗinka na Fita

Ciro katin bankinka ka duba shi da kyau. Idan ka ga wata 'yar alama mai lanƙwasassun layuka huɗu, kowanne ya ɗan fi na bayansa girma, to wannan katin yana iya biyan kuɗi ba tare da an zura shi cikin na'ura ba. Taɓawa kawai ake yi. Fasahar da ake kira NFC ke nan, wadda kamfanonin Nokia da Philips da Sony suka kafa mata ƙungiya tun 2004. A cikin robar katin akwai wata siririyar waya da aka naɗe, tare da ɗan guntun ƙarfen da ke riƙe da bayanai. Katin ba shi da batir. Na'urar da ta kusance shi ce ke ba shi wuta, nan take su yi musayar bayani a kan zangon megahaz 13.56, a tazarar da ba ta cika wuce santimita 4 ba. Wayoyin hannu da yawa ma suna da wannan fasahar a bayansu, ko masu su sun sani ko ba su sani ba.

Kwanciyar hankalin da aka samu da fasahar ya dogara ne a kan wannan kusancin. Tunanin shi ne, in dai kati ya taɓa na'ura, to mai katin na tsaye a wurin. Wannan tunanin ne ɓarayi suka rusa, kuma ba su rusa shi da ƙarfi ba. Da daɗin baki suka yi.

A watan Agustan 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya fallasa wata muguwar manhaja da ya sa wa suna NGate, wadda aka yi amfani da ita a kan masu ajiya a bankuna uku na Jamhuriyar Cek. Ga yadda ake yi. Saƙo zai shigo wayar mutum cewa akwai rarar kuɗin haraji da za a mayar masa, ya latsa nan. Ya latsa, ya sauke wata manhaja mai kama da ta bankinsa sak, ya zuba bayanansa. Daga nan sai waya ta yi ƙara. Murya ce mai ladabi, wai ma'aikacin banki ne, yana shaida masa cewa an yi wa asusunsa kutse, a gaggauta a ceto kuɗinsa. Sai a tura masa wata manhajar ta biyu, a ce ya rubuta lambar sirrinsa domin a sauya ta, sannan ya ɗora katinsa a bayan wayar a tantance shi. Bawan Allah yana zaune a ɗakinsa, kati a manne da waya, yana jiran a ce an gama. A daidai wannan lokacin ɓarawon na tsaye gaban na'urar cirar kuɗi mai karɓar taɓawa. Wayar mai katin tana karanta abin da katin ke faɗa, tana aika shi ta intanet zuwa wayar ɓarawon, ita kuma tana maimaita wa na'urar. A wurin na'ura, kati ya zo, lamba ta yi daidai, sai ta ƙirgo kuɗi. A watan Maris na 2024 'yan sanda suka kama wani matashi mai shekara 22 a birnin Firag yana cikin wannan aika-aika.

Abin baƙin ciki, tushen manhajar wani aikin bincike ne mai suna NFCGate da ɗalibai suka yi a jami'ar fasaha ta Darmstadt a Jamus domin gwada ƙarfin tsaron fasahar. Miyagu suka ɗauke shi suka mayar da shi makami.

Kama mutum ɗaya bai kashe wutar ba. A watan Afrilun 2025 kamfanin Cleafy ya bayyana wata makamanciyarta mai suna SuperCard X a Italiya. Ita wannan har haya ake ba da ita ta Telegram ga duk ɗan damfarar da ya biya, ba sai ya iya komai a kwamfuta ba. Masu amfani da ita sukan lallaɓi mutum ya cire iyakar kuɗin da katinsa ke iya fitarwa kafin su ce ya taɓa. An ga irin wannan sata a Rasha da Barazil. Duk ɓarnar da ta kai matsayin haya, to ba ta da iyakar ƙasa.

Wani zai ce ina ruwanmu da abin da ya faru a Turai. Ruwanmu har tsundum. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kati da POS suka zama hanyar cefane har a ƙauye. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin biya ta taɓawa, ya kayyade naira 15,000 a ciniki guda da naira 50,000 a yini, abin da ya haura haka sai da lambar sirri ko wata shaidar. Fasahar ta riga ta shigo aljihunmu. Ƙaryar da ake jan mutum da ita kuwa mun daɗe da saninta. Wa bai taɓa samun kiran nan ba: “Ranka ya daɗe, daga banki nake, BVN ɗinka ya samu matsala, za a rufe asusunka yau”? Mutanen da suka karanto wa baƙuwar murya lambobin katinsu jiya, su ne gobe za a ce su ɗora katin a bayan waya, kuma za su ɗora, domin a ganinsu kati bai bar hannunsu ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu kuwa ya daɗe da tsagewa. Je rumfar mai POS a kowace kasuwa ka tsaya na ɗan lokaci. Za ka ga dattijo ya miƙa kati daga kan babur, ya ɗaga murya ya faɗi lambarsa kowa na ji, don ƙyuyar sauka. Za ka ga yarinya da katin mahaifiyarta, lambar na rubuce a takardar da aka naɗe shi da ita. Muna kiran wannan yarda da juna. Sakaci ne, kuma da katin taɓawa ya fi da haɗari. Katin da ya faɗi a mota ko aka zare da jaka yana iya sayen kaya har iyakar da aka kayyade ba tare da an tambayi komai ba. Naira 50,000 ba ƙaramin kuɗi ba ne a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Haka kuma katin da ka miƙa aka juya maka baya da shi, ana iya taɓa shi sau biyu a ce maka na farkon bai tafi ba.

Akwai masu tsoron wani zai goge su da na'ura a cikin turmutsitsi ya kwashe musu kuɗi. Hakan ya fi wuya, domin sai an matso ƙwarai, kuma kuɗin kan faɗa asusun da ke da rajista. Wanda ya fi cancanta a ji tsoro shi ne mai kira da ladabi.

Ina da magana da matasanmu. Wannan sata ba ta yiwuwa sai da ɗan aike: mai tsayawa gaban na'ura ya karɓo kuɗin, ko mai ba da aron asusunsa a zuba a ba shi kaso. Kada wani ya yaudare ka cewa kuɗin banki ne. Kuɗin maganin wani ne, jarin mai ƙosai ne, fanshon tsohon da ya yi shekara 35 yana aiki ne. Haramun ce tsagwaronta. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, kuma fuskar da kyamarar banki ke ɗauka taka ce, ba ta ubangidan da ke ɓoye a Telegram ba. Iyayen da ɗansu bai da sana'a amma kullum yana sauya waya, su tambaye shi tun kafin EFCC ta tambaye shi.

Bankuna ma ba su fita ba. Bai dace a miƙa wa mutum katin taɓawa ba tare da an yi masa bayani da harshen da yake ji ba. Su shiga gidajen rediyo su faɗa da Hausa, su kuma sauƙaƙa wa wanda ba ya so hanyar kashe taɓawar.

Kai kuma mai karatu, banki ba ya tambayar lambar sirri, kuma ba ya cewa ka ɗora kati a bayan waya don tantancewa. Duk wanda ya ce maka haka, kashe wayar ka tafi reshe da ƙafarka. Kada ka sauke manhajar da aka turo maka ta WhatsApp ko ta saƙo. Kashe NFC a wayarka in ba ka amfani da ita. Nemi lambar toshe asusu ta bankinka ka haddace, don ranar da kati ya ɓata. Sannan don Allah, a daren yau ka zaunar da mahaifanka da iyalinka, ka nuna musu alamar nan a katinsu, ka faɗa musu abin da take iya yi.