Hayaƙin Banda da Haƙƙin Tabki

Galibin kifin da ke shiga tukunyar miya a Gangara da sauran garuruwan ƙasar Gazawa da Agye bai taɓa shan ruwan yankin ba. Yakan iso kasuwa baƙi wuluk, a lanƙwashe, jela cikin baki, jere cikin kwali, bayan doguwar tafiya. Dalili kuwa a fili yake: ƙasar ba ta da kogin da ke gudu rani da damina. Gulbin Kaba kwari ne da ba ya riƙe ruwa, Gulbin Maraɗi kuma, wanda ya ratsa ta Madarumfa da Gidan Rumji, ƴan watanni yake yi ya ƙafe. Abin da ya rage shi ne tabkunan da damina ke cikawa, da Tabkin Madarumfa a kudancin Maraɗi. A irin wannan ƙasa, banda ce igiyar da ta ɗaure ruwa da tudu. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: shin mai kyafa kifi a gidansa yana da wani alhaki game da ƙarewar kifi a tabki, ko kuwa alhakin duka na masunci ne?

Abin da banda take yi

Aikin banda sananne ne. A feɗe kifi, a wanke, a ɗan yayyafa gishiri. Tarwaɗa a lanƙwasa ta a tsire da tsinke, giwan ruwa da ragon ruwa kuwa a yanka su gunduwa-gunduwa. A jera a kan ragar waya bisa murhun laka ko rabin ganga, a hura wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa. Zafi yana tsotse ruwan jikin kifin, hayaƙi yana korar ƙuda, har nauyin ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗanyen kifin da ba zai kwana lafiya ba a zafin bazara sai ga shi yana yin makonni, wani lokaci watanni.

Babu mai hankalin da zai zargi wannan sana'a. Tattali ce, tattali kuwa abin yabo ne. Manomin da ya gina rumbu da uwargidan da ta kyafa kifi tunaninsu ɗaya ne: gobe ma rana ce. Da banda ce tsohuwa a ƙauyen da ba shi da wutar lantarki take samun abin da za ta gyara miyar kuka, da ita ce kuma mata da yawa suke tufatar da ƴaƴansu. Fataucin bandar Tabkin Cadi, daga Boso da Gigimi da Baga zuwa Maiduguri har Anaca, ya ciyar da dubban gidaje shekaru aru-aru, kuma mutanen Difa sun ga irin raɗaɗin rashinsa lokacin da hukuma ta hana kamun kifi da cinikinsa a 2015 saboda rikicin Boko Haram.

Iyakar da wari ya kafa

Sai dai banda ta cire wani shinge da mutane ba su cika lura da shi ba. Ɗanyen kifi yana da wa'adi. Wanda ya kama fiye da abin da gidansa zai ci kafin dare, dole ya sayar da arha, ko ya raba wa maƙwabta, ko ya zubar. Wari shi ne dogarin da ke tsaye a bakin tabki yana cewa ya isa haka. Kyautar da masunci kan yi da yamma, wadda ake yabonsa a kanta, rabinta kirki ne, rabinta kuwa tsoron asara.

John Locke, masanin falsafa na Ingila a ƙarshen ƙarni na 17, ya gina bayaninsa na mallaka a kan wannan. A ganinsa mutum yana da ikon ɗiba daga abin da Allah ya shimfiɗa wa kowa, da sharaɗi biyu: kada ya ɗebi abin da zai ruɓe a hannunsa, kuma ya bar wa saura isasshe mai kyau irin nasa. Shi da kansa ya lura cewa kuɗi sun warware sharaɗin farko, tun da zinariya ba ta ruɓewa. Banda ita ce matakin da ke tsakanin kifi da kuɗi. Da zarar kifi ya daina wari, ba cikin iyalin masunci ne ke auna yawan kamu ba, kasuwar Maraɗi da ta Kano ne, kasuwa kuwa ba ta taɓa cewa ta ƙoshi. Sharaɗi na biyu kaɗai ya rage, shi kuma babu hanci da ke tilasta shi. Iyakar da ke cikin tsokar kifi ta tashi, sai dai a sake kafa ta a cikin zuciyar mutum da dokar gari.

Ƙwai a baka

Duk wanda ya zauna a bencin lakwal zai iya tuna tatsuniyar La Fontaine ta ƙaramin kifi da masunci, wadda ta fito a 1668. Ɗan kifin ya roƙi a mayar da shi ruwa ya girma, a sake kama shi da ƙiba. Masunci ya ƙi, marubucin kuma ya ba shi gaskiya. Bahaushe ma ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Masuncin bai yi wauta ba. In ya saki kifin, wa ya ba shi tabbacin cewa ba komar maƙwabcinsa zai faɗa gobe ba? To amma a ɗauka masunta hamsin ne a tabki guda, kowa da wannan lissafi. Kowanensu ya yi daidai a ƙashin kansa, su hamsin ɗin a haɗe kuwa sun kashe tabkin. Wannan shi ne abin da Garrett Hardin ya bayyana a 1968 game da dukiyar da kowa ke ci ba mai tsaro. Ba kuma zancen takarda ba ne. A 1992 gwamnatin Kanada ta rufe kamun wani kifin teku a gaɓar Niyufanlan, kifin da aka shafe kusan shekara 500 ana kamawa ana busarwa da gishiri, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki a lokaci guda. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 1974 kashi 10 cikin 100 na rukunonin kifin teku ne ake kamawa fiye da ƙima, a 2021 kuwa adadin ya haura kashi 37.

In teku ta gaji, ina ga tabkin da yaro ke iya zagayawa kafin hantsi? Halittar kifayen ma tana nuna inda ciwon yake. Tarwaɗa tana yin ƙwai ne da farkon damina, cikin ciyawar da ruwa ya shafe. Karfasa tana goyon ƙwanta da ƴaƴanta a cikin baki, don haka mai kama uwa ɗaya ya kama ɗaruruwa. Giwan ruwa, sarauniyar kifayen da masu hali ke nema, manyan matanta ne ke zuba miliyoyin ƙwai, su ne kuma kowa ke burin ɗorawa a kan ragar banda. Ana cin tabki ta kai biyu ke nan: talaka yana kwashe ƙanana da raga mai ƙananan idanu, wani lokaci har da gidan sauro, mai kuɗi kuma yana sayen iyayen.

Ga kuma itace. Kowane kwalin banda da kurmin da ya ci. A gaɓar Tabkin Biktoriya, inda aka shigar da giwan ruwa a shekarun 1950, kitsenta ya sa ba ta busuwa da rana sai da wuta, itatuwan bakin tabkin suka biya kuɗin. Inda aka sare itace kuwa, ruwan sama yana kwaso yashi ya cike tabki.

Uzurin mai yunwa

Mai karatu zai iya cewa wannan wa'azin ƙosasshe ne. Wanda ya ga 2005 a jihar Maraɗi, shekarar da iyaye mata suka yi layi da yara a cibiyoyin tamowa, ya san cewa ba a yi wa mai yunwa lissafin baɗi. Zai ƙara da cewa ba masunci ne ya rage ruwan sama ba, ba shi ya gina madatsar Jibiya da ta sauya tafiyar Gulbin Maraɗi tun farkon shekarun 1990 ba, ba shi ya mayar da Tabkin Cadi daga murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980 ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai kai inda ake so ya kai ba. Na farko, raguwar ruwa hujja ce ta ƙara kiyayewa. Gidan da rumbunsa ya yi ƙasa shi ya fi buƙatar ɓoye iri. Na biyu, lalura tana halatta abin da zai tsayar da rai, ba ta halatta cika mota. Mai kama ƴan karfasa don yaransa su kwana da wani abu a ciki, da ɗan kasuwar da ke ba da bashin raga don a tara masa kwali ɗari, ba hukuncinsu ɗaya ba, ko da raga ɗaya suka yi aiki da ita. Nauyi yana bin iko. Wanda ya fi ikon cewa a'a shi ya fi ɗaukar alhakin cewa i. Na uku, ranar da tabki ya mutu ɗan kasuwa zai juya jarinsa zuwa wake ko albasa, mai cin daɗi zai koma ga naman rago. Talakan da aka kafa hujja da yunwarsa shi za a bari a bakin busasshen tabo.

Suratul A'arafi ta ba da labarin wata alƙarya a bakin teku da aka jarraba da kifi. An hana mutanenta kamu ranar Asabar, kifayen kuma suka riƙa zuwa a fili a ranar. Malaman tafsiri sun ce dabara suka yi, suka kafa tarko tun Juma'a suka kwashe ran Lahadi. Abin lura shi ne jarrabawar ta zo ne ta hanyar yalwa. Abu yana gaban mutum, hannunsa yana kaiwa, aka ce ya dakata.

Abin da gari ya riga ya sani

Haƙurin mutum ɗaya asara ne, haƙurin gari kuwa jari ne. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta nuna da misalai daga ƙasashe da yawa cewa jama'a suna iya tsare dukiyar tarayya in su suka kafa ƙa'ida, suka san iyakar masu haƙƙi, suka kuma hukunta mai saɓawa. Ƙasar Hausa ba ta jira littafi ba. Al'adar su, inda ake rufe tabki sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe, ita ce wannan. Argungu ta fi kowa shahara da ita: Matan Fada a rufe yake tsawon shekara, sai ranar gasa, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai fiye da kilo 70. Bikin, wanda ya samo siffarsa ta yau a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2016, mutane suna kallon sa'a guda ta kamu, suna manta watannin hani da suka haife ta.

Mutanen Agye da Gazawa ma suna da nasu darasin a gona. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi suka koma ga sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma maimakon a sare su. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga an kafa kwamitocin tsaron itace. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Manomin da ya iya kallon toho ya ga inuwa zai iya kallon ɗan kifi ya ga giwan ruwa. Bambancin kawai shi ne gawo yana tsaye a gonar mai shi, kifi kuwa ba shi da shaida a kunne, don haka tsaronsa ba ya yiwuwa sai da yarjejeniya.

Yatsa uku

Dokar kamun kifi ta Nijar ta 1998 ta haramta guba da nakiya, ta kuma haramta ragar da idonta bai kai yatsa uku ba. Ma'auni ne da kowa ke yawo da shi a hannunsa. Amma ma'aikacin ruwa da dazuzzuka ba zai kwana a bakin kowane tabki ba. Akwai wurin da kowane kifi dole ya bi kafin ya zama kuɗi, wato bakin murhun banda. A nan amsar tambayar farko take. Mai kyafawa yana ganin abin da hukuma ba ta gani: ya san tsawon kifin, shi ke feɗe cikin ya ga ƙwai. Abin da masu banda suka haɗu suka ƙi ɗorawa a kan waya, masunci zai daina kamawa, domin ba zai kwana ba. Da ƙinsu, tsohon dogarin nan, wari, zai koma bakin aikinsa. Haka mai saye: duk wanda ya miƙa jika ya karɓi tulin ƴan mitsi-mitsin kifi ya aika saƙo zuwa tabki cewa a ƙaro.

A fiƙihun Malikiyya, in mutum ya rasu ya bar mace da ciki, ba a raba gado sai ta haihu. Magadan da ke raye, masu baki da buƙata, su ake sa wa su jira saboda wanda bai zo ba, bai da suna, bai iya kai ƙara. Shari'ar da jama'ar Gangara suke bi a rabon gona ta riga ta yarda cewa wanda ba a haifa ba yana da rabo. Tabki da damina mace ce mai ciki. Hura wutar banda a kan abin da ke cikinsa kafin ya sauka rabon gado ne tun magaji bai iso ba.