Abin da Ka Saya, Naka Ne?

Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To amma ina labarin wanda ya sayi rariya, ya ga za ta iya yi masa wani aiki daban, sai maƙerinta ya ce bai yarda ba? Wannan tambaya muke so mu tattauna da mai karatu, kuma za mu ɗauko misalinta daga wani abu da ya faru a Turai da Amurka a farkon shekarun 2000.

Tsarin GPS na sojan Amurka ne. Taurarin ɗan'adam ne da ke shawagi a nisan kilomita wajen 20,000, kuma na'urar da ta ji saƙon guda huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa inda take a doron ƙasa. A da, da gangan ake dagula saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren ya kai mita 100. A watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Nan take kasuwa ta buɗe. A 2002 kamfanin TomTom na ƙasar Holan ya fito da manhajar Navigator domin 'yan kwamfutocin tafin hannu irin su iPAQ, wato mutum ya haɗa 'yar kwamfutarsa da na'urar karɓar saƙo, ta riƙa gaya masa inda zai karya kwana.

Sai dai kowace manhaja irin wannan tana zuwa ne da jerin na'urorin da kamfani ya amince da su. Wanda tasa ba ta ciki, sai a ce masa ba a ɗauki nauyinta ba. A nan ne wasu masu taurin kai suka zauna suka yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule. Wani ya kwashe fayilolin da hannu ya tsallake mai gadin da ke duba sunan na'ura, wani ya gyara lissafin faɗin allo, wani ya yi ta gwada ƙofofin sadarwa har ya dace da wadda saƙon ke shigowa. Sau da yawa abin ya yi aiki sumul.

Shin sun yi laifi? Mu a ganinmu dole a fara rarrabe abin da kalmar nan ta ƙunsa, domin ta ɗauko abu biyu a buhu ɗaya. Akwai na'urar da ba za ta iya ba ko ana ha-maza-ha-mata, alal misali tsofaffin da ke da ƙwaƙwalwar MIPS ko SH3, alhali an rubuta manhajar domin ARM. Wannan gaskiya ce kamfani ya faɗa. Akwai kuma wadda za ta iya sarai, illa dai ba a gwada ta ba, ko ba a son wahalar amsa koken masu ita. A nan ma'anar maganar ita ce, in ta lalace kada ka zo mana. Ai wannan janye jiki ne, kuma janye jiki ba hani ba ne. Baduku ya ɗinka sirdi domin doki, ka biya shi, ka ɗora wa alfadarinka. Yana da damar ya ce ba ruwansa in ya goge masa baya, amma ba shi da ikon biyo ka gida ya sauke.

Za a ce mana ai manhaja ba sirdi ba ce, izinin amfani kawai aka sayar maka, kuma ka danna ka amince da sharuɗɗa. Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba, don alkawari kaya ne. Amma wane irin alkawari ne wanda ba a nuna maka shi sai bayan kuɗinka ya fita daga aljihu? Ko hukuma ma ta yi ta kai-kawo a kan irin wannan. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta hana karya makullin manhaja, a 2010 aka keɓe wayoyin hannu daga hanin, a 2012 aka ƙi keɓe kwamfutocin allo, sannan a 2015 aka keɓe su. Abin da ya zama laifi bara ya halatta bana, ashe ke nan ba a wurin doka kaɗai za mu nemi amsar ba.

Inda muke ja wa mutanen nan layi shi ne wajen taswira. Taswirar tana da lambar buɗewa da aka ɗaure da lambar na'ura, kuma wasu ba su tsaya ga daidaita abin da suka saya ba, sai suka ƙirƙiro lambar bogi suka kwashi taswirar da ba su biya ba. Wannan kam cin gumin wani ne, domin saƙon tauraro kyauta yake sauka, amma mutane ne suka bi titi-titi suka auna. Haka kuma wanda ya tilasta manhaja zama inda ba a gwada ta ba, in ta sandare masa a tsakiyar babbar hanya, kada ya nemi wanda zai ɗora wa.

Mai wuyar ita ce ta mutumin da ya biya kuɗin taswirarsa cif, na'urarsa ta mutu, ya samo wata a gwanjo, ya tarar an daina bayar da sabuwar lamba ga tsohon kaya. Yanzu waɗannan 'yan kwamfutoci sun zama tarihi, musamman tun da Google ta fara bayar da jagorar hanya kyauta a wayoyin Android a 2009, amma irin wannan mutum yana nan a kan wasu kayan. In ya karya makullin, hannunsa ya yi daidai abin da ɓarawon taswira ya yi, da kayan aiki iri ɗaya. Duk da haka mun kasa kiransa ɓarawo, domin ga rasit ɗinsa a aljihu.