Tsabtar Gidan Muridi: Kowane Ɗaki da Ranarsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa.

Bayan haka, duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa ba a kai wa ga babin salla sai an ratsa babin tsarki. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa gusar da najasa daga jiki da tufafi da wurin salla abin nema ne ga wanda ya tuna kuma yake da iko. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 222, Allah ya haɗa masu tuba da masu tsarkaka cikin soyayyarsa, kuma Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da ya sanya tsarki rabin imani.

Ga ɗan Tijjaniyya maganar ta ƙara nauyi. Jauharatul Kamali, wadda ake karantawa cikin wazifa, tana da sharaɗin alwala ta ruwa da wuri mai tsarki wanda zai ɗauki mutum shida. Wanda bai samu haka ba, sai ya karanta Salatul Fatihi ashirin a madadinta. Ke nan muridin da ya bar ɗakinsa cikin ƙazanta yana iya rasa Jauhara a gidansa, ko ya karanta ta inda bai kamata ba. Abin takaici ne a ga ɗan'uwa ya shimfiɗa farin izari a kan tabarmar da yaro ya yi wa fitsari jiya, ba wanda ya tuna ya wanke.

Yawancin gidaje ba ruwa ko tsintsiya suka rasa ba, tsari suka rasa. Akan bar aiki ya taru har sai salla ta matso ko za a yi suna, sannan a tashi da gayya a wuni ana fama, a gaji, a sake bari wata uku. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito. Muridi ya riga ya san wannan darasi daga lazimi: safe da yamma, adadi sananne, ba ƙari ba ragi. Haka ya dace ya yi da gidansa. A raba aikin gida uku: na kullum, na mako, da na shekara.

Na kullum kaɗan ne: share tsakar gida bayan lazimin safe, wanke kwanoni kafin a kwanta, wanke makewayi, da fitar da shara. A lokacin hunturu a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, don kada ƙura ta tashi ta koma cikin ƙirjin yara da tsofaffi. Na mako kuwa, kowane sashe na gida a ba shi ranarsa.

Asabar ta madafi ce. A kwashe toka daga murhu, a kankare tukwane, a wanke turmi da taɓarya da muciya da ludayi a shanya su a rana. A ɗaga buhunan hatsi daga ƙasa a duba bayansu, domin nan ne ɓera da kyankyaso ke samun mafaka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir umarnin rufe ƙore da ɗaure bakin salka da kashe fitila in dare ya yi. Uwargidan da ke rufe tuwo da faifai tana aiki da sunna, ko ta sani ko ba ta sani ba. In ta sani ta yi niyya, lada ya ƙaru.

Lahadi ta ruwa ce. A juye randa da tulu da jarka, a wanke cikinsu, a rufe, a rataye moɗa inda hannun yaro ba ya kai wa. Ruwan da ake ɗaga hadasi da shi a mazhabar Imamu Malik shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya da wani abu da ke rabuwa da shi ba, don haka butar da ta yi gansakuka abar dubawa ce. A kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi da kaskon kaji, a buɗe kwatar da ta toshe. Sauro yana yin ƙwai cikin ruwan da ya kwanta, kuma cikin zafin ƙasar nan kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi. Wanda ke zubar da irin wannan ruwa duk mako yana katse masa hanya, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara.

Litinin ta ɗakunan kwana ce. A fitar da katifu da tabarmi da barguna su sha rana, a duba ɗinkin katifa da ƙafafun gado saboda kuɗin cizo, a share saƙar gizo, a ɗinke gidan sauro in ya yage. Kakkaɓe shimfiɗa kafin kwanciya sunna ce da Abu Huraira ya ruwaito, kuma duk wanda ya taɓa ganin kunama cikin zane a bazara ya san hikimarta. Shimfiɗar da jinjiri ya jiƙa a wanke ta da ruwa. Shanyawa kaɗai ba ta gusar da najasa.

Talata ta makewayi ce, bayan wankin kullum. A goge daɓe da omo, a zuba ruwan jabel, a tabbata bakin rami yana da murfi, a aje sabulu ko toka kusa da ƙofa don wanke hannu. Kada a haɗa jabel da wani maganin wanki, domin haɗin yana iya fitar da iska mai cutarwa. Mutanen Maradi ba su manta da kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ba, haka kuma wadda ta bazu a jihohi da dama a 2021. Cuta ce da ke bin ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata, ƙuda da hannun da ba a wanke ba su ne ƴan aikenta.

Laraba ta turke da akurki ce. Malaman Malikiyya sun ce fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, sai in tana cin najasa. Saboda haka kazar da ke kiwo a bakin kwata kashinta najasa ne, kuma bai dace a bar ta tana hawa shimfiɗar salla ba. Kashin tumaki da awaki, ko da yake mai tsarki ne, yana tara ƙuda. A kwashe shi a tara nesa da madafi, ya zama taki in damina ta zo.

Alhamis ta wurin zikiri ce. A wanke izari da dardumai, a kakkaɓe littattafai, a ɗora Alƙur'ani a wuri maɗaukaki, a tattara takardun da ke ɗauke da sunan Allah kada su bi shara, a sa turare. Wanda ba shi da ɗaki na musamman ya keɓe kusurwa guda ya kiyaye ta. Haka zai shiga daren Juma'a a shirye.

Juma'a da safe a share zaure da ƙofar gida, aiki mai sauƙi, don a samu lokacin wanka da masallaci da zikirin bayan la'asar. Gusar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Mai tura ruwan wankinsa ƙofar maƙwabci, ko mai zuba leda cikin magudana har ruwan sama ya shiga gidajen mutane, ya ɗauki haƙƙi, kuma yawan tasbihi ba ya sauke haƙƙin maƙwabci sai an nemi yafewarsa an daina.

Na shekara shi ne gyaran indararo da yaɓe kafin ruwan farko, share rumbu kafin sabon hatsi ya shiga, da fitar da tufafin da ba a sawa a ba mabuƙata kafin azumi.

Sauran magana ita ce wa zai yi aikin. A gidaje da yawa an ɗora shi duka a kan mace guda, maigida da samari suna zaure riƙe da carbi. An tambayi Nana A'isha abin da Annabi ke yi a gida, sai ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Buhari ne ya ruwaito. Ƴan'uwan da ke rige-rigen ɗaukar tsintsiya a zawiya, ko jigilar ruwa ga baƙi a Maulidin Kiyota, sun san darajar hidima. To, mahaifiya da matar aure sun fi cancanta da wannan hidima. Maigida ya ɗauki kwata da turke, samari su ɗauki randuna da zaure, yara su koyi tsince leda, a bar tsohuwa da mai ciki su huta.

Imamu Gazali ya kasa tsarki mataki huɗu cikin Ihya'u: tsarkin zahiri daga hadasi da ƙazanta, tsarkin gaɓoɓi daga saɓo, tsarkin zuciya daga munanan halaye, da tsarkin asirin bawa daga duk abin da ba Allah ba. Tsabtar gida tana mataki na farko, kuma ya yi gargaɗi ga mai tsayawa a nan ya manta da sauran. Don haka muridi ya riƙa share ɗaki yana istigfari, yana tuna cewa hassada da girman kai da riya suna taruwa a zuciya kamar yadda ƙura ke taruwa bayan gado, inda baƙo ba ya gani. Kada kuma tsabtarsa ta zama abin gori ga maƙwabcin da ba shi da kuɗin sabulu. In yana da hali ya saya masa.

Allah ya tsarkake gidajen ƴan'uwa da zukatansu, ya kare yaransu daga cuta, ya karɓi lazimi da wazifa, ya tabbatar da duga-dugai a kan sunna, albarkar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.