Karenmu da Ƙofar Maƙwabci

Ya ku 'yan'uwa cikin Almasihu, da yawa cikinmu muna da karnuka domin tsaron gida da farauta. Amma laifin kare a kan mai shi yake.

A Danchadi da ƙauyukan Bodinga da Shagari, yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. In kare ya sa baki cikin ƙwaryarsu, sai sun wanke ta sau 7. In ya ƙazantar da wurin sallarsu, ba za su ce karen wane ba ne, karen Kirista za su ce. Ta haka shaidarmu takan lalace.

Bisa ga Fitowa 22:5, wanda dabbarsa ta yi ɓarna a gonar wani, da mafi kyaun amfanin gonarsa zai biya. Saboda haka in za mu wuce ƙofar zauren wani, mu riƙe kare da igiya. In ya yi kashi, mu kwashe. In ya kashe kaza, mu biya tun ba a tambaye mu ba. Mu kai shi wurin likitan dabbobi domin allurar rigakafin hauka, gama cizon mahaukacin kare yana kisa.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.